Mayar da salansar ƙaramar tarakta a tsaye: abin da za ka duba kafin mai walda ya kunna wuta

"Assalamu alaikum. Ina da lambu a wajen garin Kura, kayan miya ne da 'yan itatuwan mangwaro da gwaba. Bara na sayi ƙaramar tarakta 'yar Kwatano, irin wadda ake yankan ciyawa da ita a Amurka. Injin fetur ne na Briggs & Stratton mai silinda ɗaya, an rubuta doki 17.5 a jikinsa. Tirela nake ja da ita, ina kwasar taki da buhunan albasa. Salansarta tana can ƙasa ta gaba, ta ci tsatsa ta ɓule, tana tayar da ƙura, kuma rannan na ga busasshiyar ciyawa tana hayaƙi a ƙarƙashinta. Ina so mai walda ya yi mini salansa a tsaye irin ta Massey Ferguson. Zai yiwu? Wane paip zan saya, kuma ba zai cutar da injin ba?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa wa lambun albarka. In na fahimce ka, so kake hayaƙi ya bar ƙasa ya koma sama, don ka huta da ƙura, ka kuma tsira daga gobara, kana tsoron kada injin ya biya kuɗin wannan sauyin. Zai yiwu, na yi irin wannan aikin ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ciyawar nan da ka ga tana hayaƙi ma ta isa dalili, domin in hunturu ya kama, tartsatsi ɗaya ya ishi lambu. Sai dai abin da ke lalata aikin yawanci ba faɗin paip ɗin da ka tambaya ba ne. Nauyi ne, da wurin da aka rataya shi.

Ka dubi Massey Ferguson 375 da kake sha'awar salansarta. Injin Perkins ne na gas mai silinda huɗu, bakin fitar hayaƙinsa ƙarfen zubi ne mai kauri, an ɗaure shi da kusoshi da yawa, tun daga kamfani an yi shi don ya ɗauki bututu a tsaye. Direbanta kuma yana zaune can baya, a sama. Taka ba haka take ba. An ƙera ta don ɗanyen haki na ƙofar gida, ta riƙa shiga ƙarƙashin rassa, shi ya sa aka ɓoye salansar a ƙasa. Girman injinka wajen sisi (cc) 500 ne, silindarsa a kwance take, kanta yana kallon gaba, kuma kan injin na alminiyam ne. Ƙananan kusoshi biyu ne kacal suke riƙe bakin salansar a jikin wannan alminiyam ɗin.

Kada kan inji ya ɗauki nauyin

Duk wanda ya taɓa zama a gareji ya ga yadda ake yi wa notin da ya ƙi kwancewa: a zura wa sifana dogon paip, sai yaro ƙarami ma ya karya kusar da ƙato ya kasa motsawa. To, salansa a tsaye ita ce wannan dogon paip ɗin, kusoshin kan injinka su ne notin. Tukunyar salansa mai kilo biyu, in tana manne da inji, ba komai ba ce. Ka ɗaga ta sama da santimita 70 ko 80, kowace girgiza sai ta sauka a kan kusoshin nan ninki-ba-ninki.

Girgiza kuwa akwai ta. Inji mai silinda ɗaya, idan yana juyi 3,600 a minti, yana tashin wuta sau 1,800 ke nan, wato sau 30 a kowace daƙiƙa, fiye da sau 100,000 a awa guda. Ka haɗa da kunyoyi da ramukan hanyar lambu. Ƙarfe ba ya karyewa a bugu ɗaya, gajiya yake yi, kamar yadda kake lanƙwasa waya gaba da baya har ta tsinke a hannunka. Wurin da ya fi rauni shi ke fara sallamawa: ko walda ta tsage a gindin bututu, wanda shi ne mai sauƙi, ko kusa ta tuge ta fito da zaren alminiyam ɗin, ko kunnen kan injin ya ɓalle gaba ɗaya.

Na ukun nan ya taɓa faruwa a hannuna, kuma laifina ne. Farkon fara aikina wani manomi ya kawo irin taka, na yanko paip ɗin ruwa mai kauri, na ɗora tukunya a can ƙololuwa don ta yi kyan gani, ban sa mata matokari ba. Ba a yi sati uku ba ya dawo, kunne ɗaya ya ɓalle, hayaƙi yana fita ta gefen kan inji. Irin wannan kan ba a samunsa a kowane shago. Sai da mutumin ya yi kusan wata biyu tarakta na ajiye a tsakiyar aikin rani. Kuɗin na biya, amma lokacin da ya rasa ban iya mayar masa ba. Tun daga ranar ban ƙara barin kan inji ya ɗauki abin da ya wuce ɗan guntun bututu ba.

Ga yadda nake tsara shi yanzu. Daga bakin inji, gajeren bututu ne yake fita gefe. Ya shiga tukunyar salansa, ita kuma tukunyar tana ƙasa-ƙasa a gefen tarakta, a zaune daram a kan nata maɗauki da aka ɗaure da firam. Daga tukunyar ne siririn bututu marar nauyi yake miƙewa sama, shi ma da nasa matokari wajen tsakiyarsa. Mai nauyi a ƙasa, marar nauyi a sama.

Kafin a yi maɗaukin, ka leƙa ƙafafun injin. Idan kusoshi ne suka ɗaure shi kai tsaye da firam, kamar yadda aka saba a irin waɗannan, inji da firam tare suke motsi, sai a ɗaure maɗaukin da firam hankali kwance. Idan kuwa ka ga roba a ƙarƙashin ƙafafun, injin yana rawarsa daban, firam yana tasa daban. A nan, ko maɗaukin ya kama jikin injin shi kansa, ko a sa guntun bututu mai lanƙwasuwa tsakanin inji da tukunya. In aka ɗaure su ƙam babu wannan, bututun ne zai zama igiyar da ake ja-in-ja da ita, kuma ka san inda za ta tsinke.

Akwai kuma miƙewar ƙarfe. Bututu mai tsawon mita ɗaya, in zafinsa ya ƙaru da digiri 400, yana ƙara tsawo da kusan milimita 5. Saboda haka matokarin sama kada a yi masa walda da bututun. A yi masa zobe mai kamawa da noti, yadda bututun zai iya ɗan zamewa a ciki in ya ɗauki zafi.

Tsayinsa da hancinka

Nan ne mutane da yawa suke yin gyaran gangar Auzinawa. Sai a yi gajeren bututu mai kyan gani, ya ɗan leƙo saman bonet, a tsaya. Kai kuma kana zaune mita ɗaya ko ƙasa da haka a bayansa, bakin bututun daidai fuskarka. Da hayaƙin yana ƙasa, yanzu an kawo maka shi hanci. Hayaƙin fetur yana ɗauke da iskar guba da ake kira kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, alamarta ciwon kai da jiri da kasala, abin da manomi zai ɗora wa rana. Ƙarar ma ta matso kunnenka. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyakar ƙara a desibel 85 (ma'aunin ƙarfin ƙara ke nan) na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokacin biyu. Kunnen da ƙarar inji ta cinye ba ya dawowa.

Saboda haka ka hau kujerar ka zauna yadda ka saba, wani ya auna daga ƙasa zuwa tsakar kanka, a ƙara taƙi ɗaya. Nan ne bakin bututun zai tsaya. A waɗanda na auna, bututun yakan kai mita ɗaya ko ya ɗan haura, shi ya sa na dage a kan matokari.

Sai mangwaronka da gwabarka. Kafin ka kashe ko kwabo, ka samo sandar gora mai wannan tsayin, ka ɗaure ta a gefen tarakta inda bututun zai tsaya, ka bi duk hanyoyin da kake bi da tirela. Idan ta wuce lafiya, madalla. Idan rassa suna kama ta a wuri biyu ko uku, ka sassabe su. Idan kuwa kusan ko'ina tana kamawa, shawarata ka haƙura da tsayuwar. A ɗago tukunyar daga ƙasa, a fitar da bakinta gefe, daidai saman tayar gaba, yana kallon waje da gaba. Wannan ya raba ka da ƙura da ciyawa, kuma ba reshen da zai fizge shi. Bai kai ta Massey kyan gani ba, amma a cikin itatuwa shi na fi yarda da shi.

Wane bututu, wace tukunya

Ka kwance tsohuwar salansar ka auna cikin bakin da hayaƙi ke fita. Bututun da za ka saya, cikinsa ya zama daidai da wannan, ko ya ɗara shi da milimita uku zuwa biyar. In bakin ya ba ka 25, ka nemi 28 ko 30. Kada ya gaza, domin matsattsen bututu yana riƙe hayaƙi, inji ya yi zafi, ƙarfi ya ragu. Kada kuma ka biye wa masu cewa a sa na inci biyu don ya yi numfashi. Bututu mai milimita 50 ya ninka mai 25 sau huɗu a fili, hayaƙin injinka ba zai cika shi ba. Sai ya riƙa tafiya a hankali, ya huce a hanya, ya bar ruwa da baƙi a ciki, ga nauyin banza.

Baƙin ƙarfe mai kaurin milimita 1.5 zuwa 2 ya isa. Ka guji farin paip ɗin famfo mai rufin zinki. Yana da nauyi, kuma in wutar walda ta taɓa shi yana fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Don Allah kada ka sa mai waldarka ya shaƙi wannan saboda arhar paip.

Gwiwar da za ta juya hayaƙin sama ta zama mai lanƙwasa a hankali. Mafi sauƙi a yanko ta daga tsohuwar salansa, a Ƙofar Ruwa ko Panteka ta Kaduna ba a rasa irinsu. In lanƙwasawa za a yi da wuta, a cika bututun da yashi don kada ya lotse, amma yashin ya bushe ƙarau. Jiƙaƙƙen yashi a toshen bututu, in ya ji wuta, tururi ne ke fasa shi.

Tukunya kuwa dole ce. Wasu za su ce maka inji yana buƙatar abin da zai ɗan danne hayaƙinsa. Ba dannewar yake so ba. Abin da ke faruwa shi ne, kamfani ya saita kafireta da salansarsa ta asali. In ka bar bututu zalla, iskar da ke ratsa injin takan sauya, man ya yi kaɗan a cikin haɗin, wuta ta ƙara zafi, bawul ɗin hayaƙi ya sha wuya, ga harbi kamar bindiga duk sanda ka sauke totur. Yawancin kafiretocin irin injinka ba su da kusar ƙara mai da za a murɗa a gyara wannan. Ka nemi tukunyar injin da ya yi kusa da naka girma, kamar ta babban janareta mai silinda ɗaya. Ta babur ko ta Keke Napep ba za ta yi ba, injin Keke wajen sisi 200 ne, bai kai rabin naka ba.

Ruwa

Da zarar bututu ya kalli sama ya zama mazurari. Ka lissafa: baki mai faɗin milimita 32, in aka yi ruwan sama na milimita 30, wanda a watan Agusta dare ɗaya ke kawo shi, ya tara kusan mililita 24. Filin da ke saura a saman fistin ɗinka in ya kai ƙarshen tafiyarsa wajen mililita 70 ne. Ruwa uku irin wannan, tarakta na ajiye a waje, bawul ɗin hayaƙi ya tsaya a buɗe, ka ga inda aka dosa. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Ka murɗa makulli fistin ya daki ruwa, sandarsa ta lanƙwashe ko sitata ta ƙone. Ko da bai kai haka ba, 'yar danshin ta isa ta sa bawul ya yi tsatsa ya maƙale.

Ko da rani ma akwai ruwa, domin shi kansa fetur in ya ƙone, kowace lita tana haifar da kusan lita guda ta ruwa a matsayin tururi. Da safe bututu yana da sanyi, wani sashe ya koma ruwa ya gangaro. Maganinsa a huda ƙaramin rami na milimita 3 a wurin da ya fi ko'ina ƙasa, a gwiwa ko a gindin tukunya, kuma a tabbata wannan wurin ya fi bakin injin ƙasa, don ruwan ya sami inda zai taru ya ɗiga kafin ya isa bawul. Lokaci-lokaci ka zura waya ka buɗe ramin, baƙi yana toshe shi.

A sama kuma a sa murfi mai buɗe kansa, irin wanda hayaƙi ke ɗagawa, in an kashe inji ya faɗo ya rufe. Maƙalarsa ta kasance ta ɓangarenka ko ta gefen da ke kallon bonet, don in ya buɗe ya kore hayaƙin gaba ko waje. Ya zama marar nauyi, silinda ɗaya a silo ba ta iya riƙe murfi mai nauyi, sai ya yi ta ƙwanƙwasa har maƙalar ta cinye. In ba ka samu ba, gwangwanin madara da aka kifa yana aikin, muddin ba a manta ba. Ka ɗaure shi da 'yar sarƙa a jikin matokari. Murfin yana kuma hana zanzaro, wanda ba abin da yake so kamar bututun da aka ajiye wata guda. Na taɓa kwance kafireta sau biyu ina neman abin da ya hana inji jan kaya, ashe ginin laka ne ya toshe rabin salansa.

Zafi da tartsatsi

Kusa da inji, hayaƙin fetur yana haura digiri 500 in ana aiki. Ka bi hanyar da sabon bututun zai bi da ido: tiyon mai, tanki, wayoyi, batir, taya, da bonet in na roba ne. Kowanne a ba shi tazarar yatsu uku aƙalla, inda ba hali a sa farantin ƙarfe tsakani. Kada a yanke ko a cire gwangwanayen da suka rufe jikin injin don bututu ya sami hanya. Injinka ba shi da lagireto, iskar da fanka ke turawa ta cikin waɗannan gwangwanaye ita kaɗai ke sanyaya shi. Ka kuma buɗe bonet ɗin ka rufe, ka juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe, ka ga ba abin da ya taɓa.

Sashen da hannu zai iya kaiwa a yi masa riga ta ƙarfe mai huji-huji, da tazarar yatsa ɗaya tsakaninta da bututun. Bututu a tsaye yana kama da abin riƙewa, mai hawa zai kai masa hannu, yara kuwa ba a magana.

Tsayuwar ta raba tukunya da ciyawa, amma ba ta kashe tartsatsi ba, sama take watsa shi ya sauko inda iska ta kai shi, wataƙila kan harawa ko tarin kara. In kana aiki kusa da irin waɗannan, a sa ragar ƙarfe marar tsatsa a bakin, mai ido ƙanana. Ma'aunin da hukumar gandun daji ta Amurka ta sa shi ne kada idon ya wuce kusan milimita 0.6. Irin wannan raga tana toshewa da baƙi, sai an riƙa cire ta ana gogewa da buroshin waya, don haka a ɗaure ta da noti, kada a yi mata walda.

Ranar aikin

Tun daren jiya ka jiƙa tsofaffin kusoshin da man kwance tsatsa, a kwance su a hankali inji yana da sanyi. In kusa ta karye a cikin alminiyam, aikin awa biyu ya koma na kwana biyu. Ka adana su, domin kusoshin injinan Amurka da yawa na inci ne, na kasuwarmu kuma na milimita. Sukan yi kama, su shiga zagaye biyu, na uku su cinye zaren. Kusa in ta ƙi shiga da yatsa, ba tata ba ce.

In farantin bakin tsohuwar salansar yana da rai, a yanko shi a yi amfani da shi, ramukansa sun riga sun dace. In sabo za a yanka, ya kai milimita 8 kauri, kuma bayan walda a goge fuskarsa da sampefa a kan gilashi har ta kwanta sumul, domin zafi yana karkatar da shi. A sa sabon gasket. A cire kan batir, a kawar da mai, a ɗiga walda 'yar kaɗan don kama siffa, sannan a sauke a ƙarasa a ƙasa, nesa da tarakta. Siririn bututu ya fi son waldar gas, in ta lantarki ce a yi da sandar walda geji 12 da wuta kaɗan.

A tayar da injin a fili, ba cikin shago ba. Ka saurari tsit-tsit a bakin faranti, ka duba ko baƙi yana fitowa a wata gaɓa. Bayan ya yi zafi ya huce, a sake ɗaure duk notin, a kuma maimaita bayan aikin kwana biyu ko uku. Kullum kafin ka kashe, ka bar shi a silo kamar rabin minti, yana rage harbin nan na ƙarshe.

Abin da ba zan iya yanke maka daga nan ba shi ne saitin mai, domin ya danganta da tukunyar da ka samu. Bayan awa ɗaya kana jan kaya, ka kashe, ka kwance fulogi. In bakinsa ya yi ƙasa-ƙasa, lafiya lau. In ya yi fari kamar alli, man ya yi kaɗan, ka tsaya da aiki. In ya yi baƙi da gari-gari, ko tukunyar ta matse ko matatar iska ta toshe da ƙura. Kowanne ka gani, kada ka bari a faɗaɗa jet, wato ramin mai na kafireta, da allura, ramin da aka buɗe ba ya komawa. Ka aiko mini da lambar da ke jikin murfin bawul, da faɗin bakin da ka auna, da hoton fulogin da na ƙafafun injin, sai in gaya maka inda maɗaukin zai zauna da abin da za a yi wa kafiretar.